A fitar da manyan dabbobin teku daga kwatamin siminti

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan labarin da kuka buga na manyan dabbobin teku, wato wel, da ake tsare da su a gidajen kallo na ƙasashen waje, da kuma ƙoƙarin da ake yi na mayar da su wuraren da aka killace musu a cikin teku.

Ni ɗan tudu ne. Kafin neman abinci ya kawo ni Legas, ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne na Tiga. Yanzu shekarata goma sha ɗaya ina aiki a jirgin da ke ɗaukar kaya daga Apapa zuwa cikin teku. Wata safiya a watan Agusta, bayan gari ya ɓace mana, wani abokin aikina ya taɓa ni ya nuna gefen dama. Uwar wel ce da ɗanta. Ta ɓullo ta fesar da numfashi sama, har muna jin ƙararsa duk da rurin inji, ɗan kuma na manne da gefenta kamar ɗan maraƙi. Ta ɗaga wutsiya, ruwa na zuba daga jikinta, ta nutse. Babu wanda ya yi magana a cikinmu sai wani dattijo da ya ce subhanallah. Irinsu daga can ƙarshen kudancin duniya mai ƙanƙara suke tasowa, su zo ruwan ɗumi na gaɓar Afirka ta Yamma su haihu. Muna kiransu kifi, amma iska suke shaƙa, haihuwa suke yi, nono suke shayarwa.

Tun daga ranar ba na iya kallon bidiyon da ake sa irin waɗannan halittu tsalle ana tafi. A duba labarin Lolita, wata orka, wato wel mai launin baƙi da fari, da aka kama a gaɓar jihar Washinton ta Amurka a 1970 tana ƙarama. Aka kai ta Miyami, aka sa ta a kwatami mai tsawon mita 24, faɗin mita 11, zurfin mita 6, alhali ita kanta tsawonta ya kai mita 6. Dabbar da danginta kan yi tafiyar sama da kilomita 100 a yini guda! A watan Maris na 2023 aka sanar za a mayar da ita ruwan da aka haife ta. Watan Agusta na shekarar ta mutu a cikin kwatamin, bayan shekara 53. An yi niyyar alheri, amma sai da rana ta faɗi.

Da na kawo maganar nan a majalisarmu ta Agege, wani aminina ya ce mini, "Malam, mudun shinkafa ya gagari talaka, kai kana kukan kifin Turawa?" Ban ga laifinsa ba. Na dai tuna masa hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Tausayin dabba ba ya rage wa ɗan Adam rabonsa.

Sai dai ban yarda da masu cewa a buɗe ƙofa kawai a watsa su teku ba. An gwada da Keiko, orkan da aka kama kusa da Aislan a 1979, ya yi shekaru a Meziko, aka mayar da shi Aislan a 1998. A 2002 ya yi iyo har Norwe, amma can ma mutane ya riƙa bi, bai zauna da 'yan uwansa ba, kuma ciwon huhu ya kashe shi a Disambar 2003. Dabbar da ta saba a miƙa mata mataccen kifi daga bokiti ba ta san farauta ba, wasu ma a kwatamin aka haife su, haƙoransu sun lalace saboda gurguran siminti da ƙarfe.

Shi ya sa mafakar teku ta fi kwanta mini. Ana samun lungun teku mai natsuwa, a tare bakinsa da raga, dabba ta samu ruwan gishiri na gaske da igiya da zurfi, amma ana ci gaba da ciyar da ita, likita na duba ta, babu wasa, babu tara su don su hayayyafa. A Yunin 2019 an ɗauko beluga biyu, wato ƙananan fararen wel, masu suna Little Grey da Little White, daga Shanghai ta ƙasar Sin zuwa tsibirin Heimaey na Aislan, suka fara shiga killataccen ruwa mai faɗin murabba'in mita 32,000 a Agustan 2020. Gaskiya abin bai tafi sumul ba, domin an sha mayar da su wurin kulawa na kan tudu. Wannan ya nuna aikin na son haƙuri da kuɗi mai yawa, kuma a ganina waɗanda suka kwashi kuɗin tikiti shekara da shekaru su ne ya kamata su biya. Kanada ta haramta tsare irin waɗannan dabbobi a 2019, Faransa ta yi tata dokar a 2021, amma da aka rufe gidan kallon Marineland na garin Antib da ke Faransa a Janairun 2025, orka biyu, uwa da ɗanta, sun ci gaba da zama a ciki don babu inda aka shirya musu. Doka ta riga masauki isowa.

To mu fa? Ba mu da orka a kwatami, amma muna da namu. Ayu na nan a ruwan Epe da Neja da Binuwai, ana kashe shi saboda nama da man da ake ta talla. Na ga kura da takunkumi a baki, ɗaure da sarƙa, ana janta a kan kwalta mai zafi a ƙasan gadar Oshodi, tana haki, yara na jifa. Idan kuma wel ya maƙale a bakin gaɓa, kamar yadda ake gani a Bayelsa, adda da bokiti ne ke fara isa wurin.

Legas na ta buɗe wuraren shaƙatawa daga Lekki har Epe, kuma ina tsoron ranar da wani mai kuɗi zai ga gidajen kallon da ake rufewa a Turai ya ce bari ya sayo dabbobinsu da araha. Ina kira ga gwamnatin jihar da Majalisar Dokokinta da su hana ba da irin wannan lasisi tun kafin a nema. Ku kuma, Edita, don Allah ku tura wakilinku cibiyar binciken teku ta ƙasa da ke Victoria Island, ya tambayo mana lambar da masunci zai kira idan ya tarar da wel da ransa a kan yashi, ku buga mana ita da Hausa.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas.