Garin spirulina ba ganyen Turawa ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A shafin lafiya na makon jiya an kira garin spirulina "ganyen Turawa". Na koyar da ilimin halittu shekaru masu yawa, don haka a yi mini haƙuri in yi gyara.

Wannan abu bakteriya ce, irin mai launin kore da shuɗi, wadda ke haɗa abincinta da hasken rana kamar tsiro. In ta taru a saman ruwa sai ka rantse gansakuka ce. Kuma maƙwabtanmu sun riga Turawa saninta. Matan Kanembu a Chadi suna ɗebo ta daga tafkunan kanwa, su zuba a ramin yashi ta tsane, in ta bushe su ɓaɓɓalla, su sa a miya. Dihe suke kiranta. A 1964 ne wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya ci karo da ita a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau.

Abin da ya fi damuna shi ne tantancewa. Kwanan baya jikata ta sayo mini wata 'yar roba a wajen kasuwar Terminus a nan Jos, gari kore shar, yana ɗan ƙarni kamar busasshen kifi. Na shafa a yatsa, na shinshina, amma ko da madubin ƙara girma ba zan iya rantsuwa a kan irinsa ba, domin zaren wannan halitta yakan murɗe kamar igiya, wani lokaci kuma ya miƙe, ya danganta da ruwan da ya tashi a ciki.

Shi ya sa masana suka koma karanta DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin kowace halitta. Akwai wani yanki da ake kira 16S, mai haruffa kusan 1,500, wanda kowace bakteriya ke da shi. Sai a jera na iri daban-daban a kwamfuta, a ƙirga inda suka saɓa. Masu ƙarancin saɓani 'yan ɗaki ɗaya ne, kakansu na kusa, kamar dai yadda tsofaffi ke jan salsala. Da haka aka tabbatar cewa abin da ake sayarwa da sunan spirulina ba ya cikin dangin Spirulina na ainihi. An daɗe ana sa shi a Arthrospira, sannan a 2019 aka ware masa sabon gida, Limnospira.

Wani zai ce wannan ai rigimar suna ce. To, a cikin waɗannan bakteriya masu launin kore da shuɗi akwai Microcystis, mai fitar da gubar da ke lalata hanta, kuma takan haɗa ruwa da wasu ire-iren da ake ci, kamar yadda aka gani a Tafkin Klamath na Amurka.

Roƙona ga jami'o'inmu, su ɗebo samfur daga ɓangarenmu na Tafkin Chadi da kuma robobin da ke kasuwa, su karanta, su faɗa mana abin da ke ciki. Tawa robar dai tana nan saman kabad, ban taɓa ta ba tukuna.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Unguwar Rogo, Jos