A Kula Da Bargon Lantarkin Da Muke Aika Wa Iyayenmu Arewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin 'yan'uwana mazauna Legas a kan wata tsaraba da na ga wasunmu sun fara aikawa gida, wato bargon lantarki. Mu a nan Ikko ba mu da buƙatarsa, tunda ko a tsakiyar hunturu da fanka muke kwana. Amma da zarar Nuwamba ya kama, aka fara kiran waya daga Jos ko Zariya ko Funtuwa ana ba da labarin sanyi, sai hankalin kowa ya koma kan tsofaffin da ya baro, waɗanda sanyin asuba yake hana su miƙe ƙafa. Niyyar mai kyau ce, sai dai yawancinmu muna sayen abin da mu kanmu ba mu taɓa kwana a cikinsa ba, mu aika wa waɗanda ba za su iya karanta takardar da ke jikinsa ba.

Ni ma na faɗa wannan rami bara. Na shiga wata kasuwar gwanjo a nan Legas na tarar an buɗe sabuwar dila, na ɗago wani bargo mai laushi, fes da shi kamar ba a taɓa amfani da shi ba, ga waya da 'yar na'urar ƙara zafi da ragewa a jikinsa. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, saboda haka na biya ban tsaya dogon bincike ba, na ba direba ya kai wa mahaifiyata Jos. Da ƙanena ya zo jonawa sai ya ga filoginsa bai dace da soket ɗin ɗakin ba, ya nemo adafta ya haɗa. Ba a jima ba ɗakin ya ɗauki warin ƙonanniyar roba, 'yar na'urar nan ta narke ta manne da zanin gado. Allah ya kiyaye, Hajiya tana kan sallaya ba ta hau gadon ba tukuna. Da ya turo mini hoton 'yar takardar da aka ɗinke a gefen bargon ta WhatsApp, sai na ga an rubuta 120V.

Wannan lamba ita ce farkon abin da ya kamata mai saye ya duba. Wutar da ake ba mu a Nijeriya bolt 230 ce, irin ta Ingila da ƙasashen Turai, alhali ta Amurka da Kanada bolt 120 ce. Idan aka jona bargon da aka ƙera domin Amurka a soket ɗinmu kai tsaye, zafin da wayoyin cikinsa za su fitar ya kusa ninka wanda aka tsara masa sau huɗu, domin zafin ba ya tsayawa a ninki biyu don ƙarfin wuta ya ninka biyu. Adafta kuwa bakin filogi kawai take sauyawa, ba ruwanta da ƙarfin wuta. Wanda ya ga an rubuta 220V zuwa 240V, wannan ya dace da wutarmu; wanda ya ga 110V ko 120V, ya ajiye wa mai shi kayansa.

Ko da lambar ta dace, ni ba zan sake sayen na gwanjo ba, kuma ba don raina sana'ar kowa na faɗi haka ba, domin rigar sanyi da bargon ulu na gwanjo sun rufa wa da yawanmu asiri. Bambancin shi ne, shi wannan bargon wata siririyar waya ce aka kewaya cikinsa daga sama har ƙasa, ita kuwa dila da inji ake danne ta a ɗaure tamau kafin a sa ta a jirgin ruwa. Wayar da aka lanƙwasa haka tana iya karyewa ko rufinta ya tsage a ciki, ido bai gani ba. Bugu da ƙari, hukumomin kashe gobara na Ingila suna ba mutanensu shawarar su sauya duk bargon lantarkin da ya haura shekara 10, to wa ya san shekarun wanda ya iso hannunmu bayan mai shi ya gaji da shi? Araha dai ba ta ado.

Mai son sabo ya nemi wanda yake kashe kansa bayan wasu sa'o'i, kuma yana da kariyar da ke yanke wuta idan zafi ya wuce kima. Ya kuma tantance iri, domin akwai wanda ake shimfiɗawa a kan katifa a kwanta a kansa, akwai wanda ake lulluɓa da shi, kuma ba a mai da wannan a matsayin wancan.

Sai dai akwai wani haɗari da ke tattare da ɗauke wuta. A ce an ɗauke wuta da ƙarfe uku na dare bargon yana kunne. Gari ya waye, tsohuwa ta taɓa ta ji shi da sanyi, ta ɗauka a kashe yake, ta ninke shi gida huɗu ta ɗora filo a kai ta fita tsakar gida. Can da hantsi a kawo wuta, wataƙila ma da ƙarfin da ya wuce ƙa'ida, bargon ya ci gaba da aikinsa a ninke, zafi yana taruwa wuri guda babu inda zai fita, ga katifar soso a ƙarƙashi. Saboda haka dokar da na kafa a gidanmu ita ce, a kunna shi kamar rabin awa kafin kwanciya, gado ya ɗumama, sannan a kashe, a kuma zare filogin daga bango gaba ɗaya, a ja bargon ulu a kai. Ɗumin da ya riga ya shiga shimfiɗa ya isa ya kai mutum barci. Idan hunturu ya wuce kuma, a naɗe shi kamar tabarma maimakon ninkewa, kada a danne shi da akwati, kada a soka masa allura ko fil, kada kuma a kunna shi da danshi a jikinsa.

Akwai waɗanda bai kamata a bar su da shi a kunne ba ko kusa: jarirai, da yaron da ke fitsarin kwance, da mai shanyewar ɓarin jiki, da tsohon da hankalinsa ya fara rauni. Mai ciwon suga ma yana cikinsu, domin ciwon yakan kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya ƙone bai ji ba, sai da safe a ga ƙuna, ciwon ƙafar mai suga kuwa kowa ya san wuyar warkewarsa. Abin lura shi ne, irin waɗannan mutane su ne muka fi tausayi, su muka fi yi wa wannan tsaraba.

Duk da haka ba ina cewa a guje shi ba ne. Idan aka kwatanta shi da kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga, bargon lantarki mai kyau ya fi aminci nesa ba kusa ba, domin gawayi yana fitar da iskar guba marar wari wadda ke kashe mutum cikin barci, kamar dai hayaƙin janareto. Ta fuskar kuɗi ma yana da sauƙi. Yawancinsu wat 60 zuwa 150 suke ja, alhali hitar ɗumama ɗaki tana jan wat 1,000 zuwa 2,000. Ko ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka ware wa wuta ta sa'o'i mafi yawa a rana, waɗanda kuɗin yunit ɗinsu ya haura naira 200 a Afrilun 2024, bargo mai wat 100 da ya yi awa guda yana aiki kashi ɗaya cikin goma na yunit kawai ya ci. Wanda ke da sola da batir a gida ma zai iya ɗaukarsa ba tare da ya kwana cikin duhu ba.

Ina kira ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, da ta sa ido a kan kayan lantarki masu bolt 120 da ke shigowa a cikin dilolin gwanjo, sannan shugabannin al'ummarmu na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago su riƙa tunatar da jama'a kafin lokacin aike ya zo. Ni dai bana sabo na saya, na kunna shi a ɗakina na shafa shi lungu-lungu na tabbatar babu inda zafinsa ya fi wani wuri, sannan na rubuta ƙa'idojinsa da Hausa a takarda, na ce ƙanena ya manna ta a bango kusa da soket ɗin Hajiya.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Agege, Legas.