Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Alhaji: Kan Yaran Da Ranar Haihuwarsu Ta Zo Ɗaya

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Iyaye da Malamai,

Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kana lafiya tare da iyali.

A taron iyaye na ranar Asabar ka miƙe gaban jama'a ka ce kwamitinku ya duba rajistar aji biyar mai yara 45, kun tarar da yara biyu an rubuta musu ranar haihuwa ɗaya a watan Maris, wasu biyun kuma rana ɗaya a watan Agusta, alhali babu tagwaye a cikinsu. Ka ce kwanakin shekara 365 ne, yaran ko rubu'in haka ba su kai ba, to ta ina za a yi karo har sau biyu in ba malamin aji ne ya zauna ya cike takarda da ka ba? Sannan ka juyo wajena ka ce, tunda lissafi nake koyarwa, in gaya wa mutane ko hakan mai yiwuwa ne. A bainar jama'a aka yi tambayar, kuma mutuncin wani bawan Allah ya shiga bakin mutane daga Tudun Wada har cikin Birni, shi ya sa na ga amsar ma ta dace kowa ya gani.

Ranka ya daɗe, abin da kuka gani shi ne abin da ya kamata ku gani. A aji mai yara 45, yiwuwar a sami aƙalla biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta kai kashi 94 cikin ɗari. Da kun duba ba ku sami kowa ba, a nan ne ni zan ɗan ɗaga gira.

Na san maganar ba ta shiga kai da sauƙi, kuma na san inda take sarƙewa. Duk wanda aka yi wa wannan tambaya, kansa yake fara sawa a ciki: wa zai zo daidai da ranata? Wannan kuwa abu ne mai wuya da gaske. In ka shiga ɗaki mai mutum 22, yiwuwar wani ya haɗa rana da kai ba ta wuce kashi 6 ba. Sai ka tara mutum 253 kafin ta kai rabi. Amma ba ranar yaro guda kuka je nema a rajista ba. Kowane yaro kuka gwada da kowane yaro, kuma nan ne lissafin ya sauya.

Ka tuna yadda ake yi bayan an shafa fatiha a wajen ɗaurin aure. A ce mutum 23 ne a zaure, kowa zai yi musabaha da kowa. Na farko zai gaisa da 22. Na biyu ya riga ya gaisa da na farko, saura 21. Na uku 20, haka har ƙasa. In ka tara, musabaha 253 aka yi a ɗan zauren nan. Kowace musabaha dama ce ta a ce ranar waɗannan biyun ta zo ɗaya. Damar ƙanƙanuwa ce, ɗaya cikin 365, amma sau 253 aka jarraba ta. A ajin da kuka duba, yara 45 suna ba da haɗin biyu-biyu har 990. Raba 990 da 365, za ka sami kusan 2.7. Wato in aka bi ajujuwa da yawa masu wannan girman, abin da za a riƙa samu a tsaka-tsaki ya kusa haɗuwa uku. Ku biyu kuka samu.

Ga yadda ake fitar da ainihin adadin, ko da wani cikin 'yan kwamiti zai so ya bi sawu da kalkuletar wayarsa. Ta baya ake zagayowa, a tambayi yiwuwar a ce kowa ranarsa daban. Yaro na farko ya ɗauki ranar da ya ga dama. Na biyu dole ya kauce mata, saura masa 364 cikin 365. Na uku zai kauce wa biyu, 363 cikin 365. A yi ta ninka su haka. Da farko abin kamar ba ya motsi, amma kowane sabon yaro yana tarar da ranakun da aka riga aka kama sun ƙaru. Kafin a kai kan na 23, wanda ya rage masa 343 cikin 365, sakamakon ya sauko zuwa kashi 49.3. Abin da ya saura, kashi 50.7, shi ne yiwuwar an yi karo. Mutum 10 suna ba da kusan kashi 12, mutum 30 kusan kashi 71, mutum 57 sun haura kashi 99, mutum 70 kuwa kashi 99.9. Tabbas ɗari bisa ɗari sai an kai mutum 367, saboda 29 ga Fabrairu.

Ba yau aka gano wannan ba. Wani masanin lissafi, Richard von Mises, ya wallafa bayani a kansa tun 1939 daga jami'ar Santambul, kuma har gobe da shi ake buɗe wa ɗalibai ido a darasin yiwuwa, nan jami'ar da ke Samaru da ko'ina. Masu son ƙwallo ma sun gwada shi. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, ƙasashe 32 suka je, kowace da 'yan wasa 23, kuma 16 daga ciki suna da 'yan wasa biyu masu ranar haihuwa ɗaya. Rabi cif. Ba kullum lissafi ke faɗawa daidai haka ba, a wannan karon dai ya faɗa.

Mu Hausawa ma mun daɗe muna ganin ƙanin wannan abu ba mu kira shi mamaki ba. Wa ya taɓa zargin wani don an sami Ladi biyu ko Jummai biyu a gidan biki? Kwanakin mako bakwai ne. Mutum huɗu kacal in suka zauna, yiwuwar biyu sun haɗa ranar mako kashi 65 ce, in sun kai takwas kuwa babu makawa. Ɗanjuma da Jummai, Balarabe da Laraba, Ɗanlami da Lami, kullum muna cin karo da su. Hanyar lissafin ɗaya ce, bakwai ce kawai ta koma 365. Wani dattijo ya tare ni a bakin ƙofa bayan taro yana tambaya ko da kalandar Hijira abin zai sauya. Kaɗan ne: shekarar kwana 354 ce ko 355, mutum 23 ɗin dai ake buƙata kafin a haura rabi, sai dai yiwuwar ta ɗan hau zuwa kusan kashi 52.

Duk da haka ban ce kwamiti ya naɗe tabarmarsa ba. Duba rajista aikinku ne, kuma kun kyauta da kuka yi. Abin da nake so shi ne ku san irin alamar da ya kamata ta tayar muku da hankali. Mai cike takarda da ka yawanci gudun maimaici yake yi, domin shi ma irin tunaninmu gare shi, yana ganin rana ɗaya sau biyu za ta tona masa asiri. Saboda haka rajistar ƙarya takan fi ta gaskiya tsabta. In kuka bi ajujuwa shida masu yara 45-45 ba ku sami karo ko guda ba, wannan abu ne da ba ya faruwa haka kawai sai sau ɗaya cikin fiye da miliyan 20. Nan sai a kira malami a zauna. Yara uku a rana ɗaya kuwa, a aji irin wannan, yakan faru kamar sau ɗaya cikin goma, bai isa hujja ba.

Alama ta biyu ita ce tari a kan rana guda sananniya, musamman 1 ga Janairu. Yara biyar a aji ɗaya duk a wannan ranar, sau ɗaya ne cikin miliyoyi. Sai dai ko a nan, ranka ya daɗe, kafin a nuna malami da yatsa a dubi gida. Da yawa daga cikin yaranmu a ɗaki aka haife su, ba a kai su rajistar Hukumar Ƙidaya ba. Uwa ta san da azumi ne, ko ana kaka, ko bayan Babbar Salla da kwana kaɗan, kuma ta san ranar mako sarai, amma kwanan watan Bature ba wanda ya rubuta. Ranar da aka zo sa yaro makaranta, ko aka je kotu yin takardar shaidar shekaru, sai a ce a sa ɗaya ga wata ɗaya a wuce wurin. Kai ma ka san manya nawa ne a garin nan, har da masu digiri, takardunsu ke ɗauke da wannan ranar. Lissafin da na kawo a sama ya ɗauka cewa haihuwa ta bazu daidai wa daida a kwanakin shekara. Duk lokacin da ta taru a wasu ranaku, ko don irin wannan dalili ko don wasu watanni sun fi wasu yawan haihuwa, yiwuwar karo ƙaruwa take yi, ba ta raguwa. Kashi 94 ɗin nan ke nan shi ne mafi ƙaranci.

Shawarata ga kwamiti, in har ana son zuciya ta kwanta a kan yaran nan huɗu, a roƙi iyayensu su kawo takardar haihuwa, ko katin asibiti, ko katin rigakafi, a gwada da rajista. Aikin yini ɗaya ne. In sun yi daidai, ina roƙonka Alhaji, da girman da Allah ya ba ka, ka faɗi hakan a taro na gaba da bakinka, a gaban mutanen da suka ji zargin. Ni kuma in kun amince, ranar zan zo da alli, mu tambayi iyayen da suka san ranarsu ɗaya bayan ɗaya, mu rubuta a allo kowa yana gani.

Allah ya ƙara girma, ya yi wa zuri'a albarka.

Naka,
Malamin lissafi,
Tudun Wada, Zariya.