Daga kwarin inabi, zuwa ga mutumina

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya yara, ya jikin Baba? Allah ya ƙara afuwa. Ka matsa sai na faɗa maka aikin da nake yi tunda na bar shagon nan na Cape Town a Afirka ta Kudu, to tuƙi nake. Ƙaramar bas ce, in kwashi 'yan yawon buɗe ido in kai su kwarin kogin Breede su yini suna ɗanɗana giya daga wannan gona zuwa waccan. Kar ka zaro ido, ko ɗigo ba na sha, shi ya sa ma suka ɗauke ni, don mai bin duwatsun nan da mota cike da bugaggu dole idonsa ya zama garau. Maganar halaccin kuɗin kuwa bari sai mun yi waya, ni ma tana ci min rai.

Babbar hanyar N1 muke hawa mu wuce garin Paarl, sai duwatsu su tare gaba, a nan ake shiga ramin Huguenot da aka fasa ta cikin dutse, kusan kilomita 4, tun 1988 aka buɗe shi kuma sai ka biya a tolget. Mai ƙyashin biya sai ya hau tsohuwar hanyar Du Toitskloof ta sama, wadda fursunonin yaƙi 'yan Italiya suka sassaƙa lokacin yaƙin duniya na biyu, kwana a kan kwana, in hazo ya sauko sai addu'a.

Abin da ya sa nake ta tuna ka shi ne ruwa. Wallahi kwarin nan busasshe ne, duwatsu sun tare hadarin da ke tasowa daga teku, a Janairu da Fabrairu zafi ake kamar me, amma ko'ina ka duba kore shar. Ruwansu lokacin sanyi yake zuwa, wajen Yuni zuwa Agusta, har ƙanƙara ke rufe kan dutsen Matroosberg, sai su tare abin da ya gangaro a dam ɗin Brandvlei kusa da Worcester, rani na yi a sako shi ta kanal zuwa gonaki. Kusan yadda ruwan Tiga ke zuwa muku a Kura ne, sai dai su ba sa malala shi a fili, siririn tiyo suke bi da shi gindin kowace shuka yana ɗiga kaɗan kaɗan, ga titi lafiyayye har bakin gona, kaya ba ya ruɓewa a jiran mota. Na so a ce ka gani da idonka, kai da tumatir ke narke maka a kwando duk shekara.

Daga Worcester sai mu karya hanyar R60 zuwa Robertson, nan ne baƙin suka fi so, in da lokaci mu wuce Ashton mu ratsa Cogmanskloof mu shiga Montagu, inda ni ma nake samun nawa rabon, zabibi da busassun 'ya'yan itace. Hanyar R62 daga nan ta miƙe har Oudtshoorn garin jimina.

Amma fa abin da baƙi ba sa gani su ne masu tsinkar inabin. A 2012 leburorin gona a De Doorns suka yi yajin aiki har suka tare N1 ɗin nan, lokacin rand 69 na kuɗin ƙasar nan ake biyan su a yini, da ƙyar aka mai da shi 105 a 2013. In muna wuce gidajensu na kwano babu mai ɗaga waya ya ɗau hoto.

Yanzu girbi ya kama, sai Maris za mu sarara, in za ka kira ka bari sai bayan isha'i, kuma ka tuna mun riga ku da awa ɗaya. Ka gaida Hajiya da 'yan majalisa, ka ce musu ina nan tafe in Allah ya yarda.

Naka har kullum.