Zakin dutse ya kashe min awaki uku, amma ban yi wa gadarsa dariya ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan labarin da kuka kawo kwanakin baya, na gadar da aka ware wa namun daji a jihar Kalifoniya ta Amurka domin su riƙa tsallake titi. Na ga yadda aka yi ta raha a kai. Wani bawan Allah har cewa ya yi abin na masu ƙoshi ne, mu muna neman gadar mutane su suna yi wa dabbobi. Na murmusa, don maganarsa da ƙamshin gaskiya. Sai dai ni a cikin jihar nake zaune, kuma dabbar da ta sa aka fara maganar gadar, wato zakin dutse, ta taɓa yi min ɓarna, don haka ina ganin ina da ta cewa.

Ni mutumin ƙasar Ningi ne. Karatu ya kawo ni nan, aiki ya zaunar da ni. Gidana yana gindin duwatsun Siyera Nebada, a gundumar El Dorado, tafiyar kamar awa guda a mota gabas da Sakaramento. Da yake ɗan ƙauye ba ya barin halinsa, ina samun ɗan fili a bayan gida sai na zuba awaki da tumaki, ina sayar wa 'yan'uwa Musulmi na birni idan layya ta zo ko an yi haihuwa.

Dabbar nan sunayenta da yawa: wasu su ce kuga, wasu su ce fuma, mutanen nan kuma suna ce mata zakin dutse. Launinta na zakanya ne, amma namijin ba shi da geza, kuma ba ya ruri. Kukansa da dare kamar ihun mace ne, ranar da na fara ji sai da tsigar jikina ta tashi. A ɗabi'a kuwa damisa ce sak, ƙi sabo. Shi kaɗai yake yawo, kwanton ɓauna yake yi, ya dira wa abin farautarsa ta baya ya kama ƙeya ko maƙogwaro. Abincinsa na asali barewa ce. Idan ya ci ya rage, sai ya ja sauran ƙarƙashin itace ya lulluɓe da ganye da ƙasa, ya dawo washegari. Tun daga Yukon ta Kanada har kudancin Ajantina da Chile ana samunsa. A Kalifoniya, ƙiyasin da aka fitar a farkon 2024 ya ce suna tsakanin 3,200 da 4,500. Shekaruna da yawa a nan, sau ɗaya tak na gan shi da idona, shi ma wutsiyarsa ce kawai tana shigewa duhuwa. Maƙwabcina, wani dattijo da aka haifa a wurin, ya ce min kada in damu, shi ya gan ni sau ɗari.

Ga yadda abin ya same ni. Wata ranar kaka na dawo aiki a gajiye, na ga ai akwai shingen waya mai tsayin kusan mita biyu, na ce yau dai su kwana a fili. Da na fito bayan sallar asuba sai na tarar da akuya biyu a kwance, ba a ko taɓa namansu ba, wuya kawai aka karya. Taure guda, wanda na riga na karɓi kafin alƙalaminsa, babu shi babu dalilinsa. Na bi sawun jan da aka yi masa har bakin shingen, na ga gashi a saman wayar. Wato da tauren a bakinsa ya haura. Sauran dabbobin sun cure a lungu suna makyarkyata, tunkiya ɗaya ma daga baya ta yi ɓari. Abin da ya fi ci min rai shi ne ga nama jibge amma mushe ne, ba na ci ba na sayarwa, sai rami na haƙa.

Ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka ba, a wannan safiyar da ina da bindiga kuma ya fito, da sai dai wani labarin. Ma'aikacin kula da namun daji da ya zo ya duba sawu da wurin cizon, ya tabbatar min shi ne. Ya bayyana min cewa doka ta tanadi takardar izini ga wanda aka kashe wa dabba, da matakan da ake bi. Sannan ya kalli shingena ya tambaye ni, cikin ladabi, ina rufinsa. Na yi shiru. Kakata a ƙauye ba ta yi boko ba, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa barin akuya ta kwana a waje ba. Kafin magariba an kora su ɗakinsu, an ja ƙyaure an tokare da turmi, saboda kura. Ni da digirina na zo wata ƙasa na manta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To laifina na ɗauka. Amma akwai abin da har yau yake min ciwo, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

A da, gwamnatin Kalifoniya lada take biya ga duk wanda ya kashe zakin dutse, daga 1907 har zuwa 1963. Daga baya iska ta juya: a zamanin gwamna Ronald Reagan aka dakatar da farautarsa a farkon shekarun 1970, sannan a 1990 aka yi ƙuri'ar raba gardama mai lamba 117 aka haramta farautarsa don nishaɗi. A 1996 aka nemi a sassauta, masu ƙuri'a suka ƙi. Ina mafi yawan masu ƙuri'ar suke? A Los Anjalis da San Faransisko da sauran birane, inda ba a san kukan akuya cikin dare ba. Su zakin dutse a wurinsu tauraro ne. Akwai wani da masu bincike suka sa wa lamba P-22, wanda ya tsallake manyan tituna biyu ya tare a dajin shaƙatawa na Griffith a tsakiyar Los Anjalis, ya yi kusan shekara goma a can. An buga hotonsa a riguna, an zana shi a bangaye. Da ya tsufa, mota ta buge shi, likitoci suka kashe shi cikin sauƙi a Disamban 2022, dubban mutane suka taru aka yi taron tunawa da shi. Ni da na binne awakina ko sisi ban gani ba, ko jaje. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ba a nan kaɗai ba ne. A jihar Kolorado, a 2020, aka jefa ƙuri'a kan a dawo da kyarkeci daji. Da ƙyar masu so suka yi rinjaye, kuma ƙuri'un birnin Denba da kewayensa ne suka rinjayar. Amma ba a bayan gidajensu aka saki dabbobin ba. A Disamban 2023 aka kwaso guda 10 daga jihar Oregon aka sake su a yammacin duwatsu, ƙasar makiyaya, kuma kafin a cinye watanni biyar an fara tsintar gawar maruƙa. Gaskiya dai can ana biyan diyya, to amma duk makiyayi ya san kafin ka tabbatar wa hukuma abin da ya kashe maka dabba a cikin daji, ungulu sun gama shari'ar.

Kuma kada wani ya ce maganar dabbobi ce kawai. A watan Maris na 2024, a nan gundumarmu kusa da garin Jojtawun, wasu samari biyu wa da ƙane suka fita tsintar ƙahon da barewa ke zubarwa. Zakin dutse ya far musu da rana tsaka. Wan, mai shekara 21, ya rasu, ƙanen mai 18 ya tsira da munanan raunuka a fuska. Rabon da a ga irin haka a jihar tun 2004, wato abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, mota da kare sun fi shi kisa nesa ba kusa ba. Amma je ka gaya wa uwar yaran haka. Tun daga lokacin na koya wa 'ya'yana abin da kowane yaro a nan ya sani: in kun haɗu kada ka gudu, kada ka sunkuya, kada ka ba shi baya. Ka ɗaga hannuwa ka buɗe riga don ka ƙara girma a idonsa, ka yi tsawa, ka yi jifa, babba ya ɗauki ƙarami. In ya kawo hari, a yi ta dukansa da duk abin da hannu ya kai gare shi.

Duk da wannan, ban goyi bayan masu cewa a buɗe farauta a ƙarar da su ba, kuma ba don tausayi ba ne. Dalilina na mai kiwo ne. Babban namiji yana riƙe da yanki mai faɗin ɗaruruwan murabba'in kilomita, ya san inda barewa take, kuma ba ya barin wani namiji ya zauna masa. Ranar da aka harbe shi, gurbin ba ya zama fanko. Matasa biyu ko uku ne za su shigo, waɗanda ba su gama iya farauta ba, ga yunwa ga rashin tsoro, kuma su ne masu bin awaki da karnukan gida. Masu bincike na Jami'ar Jihar Washinton sun duba alƙaluman jiharsu a wani nazari da ya fito a 2013, suka ga inda aka fi kashe zakunan, a nan koke-koke da ɓarnar dabbobi suka fi ƙaruwa a shekarar da ta biyo baya. Ka kashe tsohon ɓarawon da ka san hanyarsa, ka gayyato 'yan koyo uku.

Abin da ya yi min magani ba harsashi ba ne, kafinta ne. Na gina wa dabbobin ɗaki na katako da ragar waya mai kauri, na rufe sama da kwano, ban bar kafar da kai zai shiga ba. Na sassabe duhuwar da ke kusa. Na daina zubar da ragowar harawa a fili, don ita ke jawo barewa, barewa kuma ita ke jawo maigidan. Na samo karen tsaro irin na Turkiyya, ƙato kamar ɗan maraƙi, wanda ya tashi cikin tumaki tun yana ɗan kwikwiyo, yana kwana a bakin ƙofarsu. Na sa fitilar sola mai walƙiya, dabarar da wani yaro Bamasaye a Kenya, Richard Turere, ya shahara da ita wajen korar zakuna daga shanun mahaifinsa a gefen gandun dajin Nairobi. Shekara huɗu ke nan ban sake rasa ko ɗan akuya ba, alhali na'urar ɗaukar hoto da na ɗaure a itace tana nuna min shi yana wucewa ta bayan gida lokaci lokaci. Amma kuɗin da aikin ya ci ya kusa cinye ribar shekara biyu, kuma daga aljihuna ya fito. Akwai ƙungiyoyin sa-kai da ke taimaka wa wasu da irin wannan gini, sai dai ba su kai ko'ina ba.

Yanzu bari in dawo kan gadar. Tana kan babban titi mai lamba 101 a Agura Hils, kusa da Los Anjalis, inda motoci kusan 300,000 ke bi a kullum. An aza harsashinta a Afrilun 2022, kuɗinta ya haura dala miliyan 90, kuma kaso mai tsoka gudummawa ce ta masu hannu da shuni. Dalilinta shi ne zakunan duwatsun Santa Monika sun zama kamar 'yan kurkuku, teku a gefe guda, tituna a sauran ɓangarorin. Uba yana barbarar 'yarsa, har an fara ganin masu lanƙwasasshiyar wutsiya, alamar jini ya gaji. Matasan da ya kamata su yi nisa su nemi nasu yankin, ko mota ta kashe su ko su maƙale a bayan gidajen mutane. Ni a ganina dabbar da ta sami hanyar wucewa ta fi wadda aka ritsa sauƙin zama da ita, shi ya sa ban yi dariya ba. Ƙorafina ɗaya ne: wanda ya iya tara miliyan 90 don zaki ya tsallake titi, bai kamata ya gaza rufa wa awakin talakan da zakin zai sauka a kansa ɗaki ba. In kana son dabbar ta rayu, to ka sa hannu a aljihu tare da wanda yake kwana da ita.

Mu ma a gida ba baƙin wannan magana ba ne. Ina yaro muna jin kukan kura daga tsakar gida. Zuwan da na yi na ƙarshe na tambayi samarin garinmu, babu wanda ya taɓa ji. Gonaki sun cinye dajin, sauran kuma an gama da su da guba a cikin mushe, gubar da ta haɗa har da ungulu, shi ya sa mahautarmu ta zama fayau. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, a wurare huɗu kacal: Yankari, da Kainji, da Niokolo Koba a Senegal, da dajin da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso. Ban zargi makiyayin da ya sa gubar ba, don na san abin da na ji a zuciyata a waccan asubar. Saniya ɗaya a wurinsa sadakin ɗansa ce.

Roƙona gare ku, Malam Edita, idan za ku sake taɓo wannan batu, ku tura wakilinku ya zauna da makiyayan da ke kewayen dajin Waza a arewacin Kamaru, da manoman gefen Yankari da giwaye ke tattake wa gona, ya tambaye su nawa suka yi asara bana, kuma wa ya zo ya duba su. Sannan ku gaya musu abin da aka gwada a Botswana, inda aka zana idanu biyu a gindin shanu da fenti: cikin shanu 683 da aka yi wa zanen, zaki bai kashe ko ɗaya ba a tsawon shekara huɗu, alhali an kashe 15 cikin 835 da aka bari haka nan. Gwangwanin fenti bai fi ƙarfin kowa ba, kuma ina so in ji ko zakunan Waza za su ruɗu kamar na can.

A gaishe min da duk ma'aikata. Rana ta kusa faɗuwa a nan, zan je in kora awaki ɗaki.

Naka,
Wani mai kiwo daga gundumar El Dorado, Kalifoniya