Yaranmu na Agege ba daƙiƙai ba ne

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan 'ya'yanmu Hausawa da ke karatun boko a nan Legas, musamman na Agege da Idi-Araba da Mile 12.

Ina koyarwa a wata Islamiyya da yamma, don haka sakamakon jarrabawarsu yakan biyo ta hannuna. Yaron da aka cika wa takarda da jan biro a lissafi, shi ne ranar Asabar yake tsaron rumfar albasar babansa. Zai faɗa maka kuɗin buhu, ya cire na mota da na ɗan dako da la'ada, ya fitar da riba da ka, tun babba bai lalubo waya a aljihu ba. Hausa a gida, Yarbanci a layi, broka a tasha, ga izu biyu ko uku a kai. Amma a aji an ce ba ya ganewa. Ni dai na ce ba a tambaye shi abin da ya zo da shi ba ne.

Wata ɗalibata ta sha bulala don ta ƙi karanta wani suna a allo. Sunan mahaifinta ne, kuma a gidansu ba a kama shi. Malamar ta ɗauka taurin kai ne. Ban ga laifinta sosai ba, wa ya taɓa gaya mata?

Zancen koyar da yaro da harshensa da la'akari da al'adarsa ba sabo ba ne. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ife, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida na firamare, suka kuma yi zarra a kan waɗanda aka koyar da Turanci. A ƙasar New Zealand, cikin 2001, Farfesa Russell Bishop ya fara da sauraron yaran ƙabilar Maori su kansu, sannan aka horar da malamai su daina ɗora laifin faɗuwa a kan yaro da gidansu.

Mu kuwa muna ta kai da komowa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa a firamare, a 2025 aka ce an koma Turanci. Gaskiya ko da tsarin ya ɗore, harshen da zai shiga aji a Legas Yarbanci ne. Dokar jihar ta 2018 ma ta wajabta koyar da shi, kuma ba na jayayya da hakan, gidansu ne.

Shi ya sa kirana ga namu ne. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, masu shanu da masu gwari, su zauna da hukumar ilimin firamare ta jiha, su nemi a sa mataimakin malami mai jin Hausa a aji ɗaya zuwa uku inda yaranmu suka yi yawa. Masu takardar shaidar malanta ta NCE a Hausa suna nan zaune ba aiki. In gwamnati ta ce babu kuɗi, abin da ake tarawa a kasuwa rana guda ya isa albashin mutum biyu. Iyaye maza kuma a riƙa zuwa taron iyaye da malamai (PTA), a daina tura yayan yaro ɗan shekara goma sha biyar ya wakilci gida.

Wassalam.

Wani malamin Islamiyya,
Agege, Legas.