Wasiƙa ga abokan cinikinmu kan maganar sensar salansa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayen gidanmu masu motoci, 'yan'uwa direbobi, da manajojin da ke kula da motocin kamfanoni, muna gaishe ku da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan takarda, domin na fi son mu yi magana ido da ido a gareji kamar yadda muka saba. To amma zancen ya riga ya fita, yana yawo a bakin mutanen da ko ƙofarmu ba su taɓa takawa ba, kuma wasu daga cikinku da a da ba a yin wata guda ba mu gaisa ba, yanzu shiru kake ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A watannin nan, wasu manyan motoci da muka canza wa sensar kunkunniya, wato wadda ke auna baƙin hayaƙi a jikin salansa, sun dawo mana fitilar inji ta sake kamawa a dashbod. Wata bayan mako biyu, wata ko kayan da ta ɗauka ba ta kai ga saukewa ba. Wannan ya faru, ba mu musa ba, kuma mun san abin da kwana ɗaya a tsaye yake nufi ga mai tirela. Abin da ba za mu amsa ba shi ne zancen da ake yaɗawa cewa wai tsohuwar sensa muke wankewa mu mayar, ko kuma muna canza abin da lafiyarsa ƙalau don mu ci kuɗi. Wallahi da na ji wannan magana, ranar ban iya riƙe sifana ba.

Ku yi haƙuri in ɗan tsawaita, don sai an san yadda abin yake aiki za a gane inda aka cuce mu.

Tun da Amurka ta tsaurara dokar hayaƙi a 2007, Turai kuma ta kawo matakin Euro VI da ya hau kan sababbin manyan motoci daga 2014, ake sa wa injin dizal matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira DPF. Tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, hayaƙi ya ratsa ta bangonsa, kunkunniya ta maƙale. In ta taru, sai motar ta ɗaga zafin salansa zuwa wajen digiri 600 ta ƙone ta. Sensar da muke magana a kanta kuwa a bayan matatar take zaune, inda hayaƙin ya kamata ya fito fes. Aikinta ɗaya ne: ta ba da shaida ko matatar ta tsage tana yoyo. A bakinta akwai ɗan tangaran mai siraran layukan filatinam guda biyu da suka shiga juna kamar haƙoran mataji amma ba su taɓa juna ba. Kunkunniya tana barin wutar lantarki ta ratsa ta, don haka in ta sauka a kai sai ta haɗa layukan, wuta ta fara wucewa. Kwamfutar mota tana lissafa tsawon lokacin da aka ɗauka kafin hakan ya faru. In ya yi sauri da yawa, ta san matata ba ta riƙe komai. Daga nan sai hitar da ke cikin sensar ta ƙone abin da ya taru, a sake lissafi daga farko. Ba ta ma fara aiki sai salansa ta bushe daga raɓa, domin ɗigon ruwa ɗaya a kan tangaran mai zafi ya isa ya fasa shi.

Akwai wata sensar daban da mutane ke haɗa su, wadda ke auna bambancin matsin iska tsakanin gaban matata da bayanta ta wasu 'yan bututu guda biyu. Ita ce ke faɗa wa kwamfuta cewa matata ta cika, kuma a kwamfutar bincike lambarta SPN 3251. Sau nawa direba ya shigo yana cewa, "Oga, sensar da kuka sa ta mutu," mu jona kwamfuta mu tarar ɗan bututun ɗaya sensar ne ya toshe? Wannan ba laifin direba ba ne, fitila ɗaya ce ke kamawa a gabansa. Amma wasu daga cikin motocin da ake lissafawa a kanmu irin wannan ne, kuma ina so a san da haka.

Mu dai ba mu taɓa cire sensa don kawai kwamfuta ta ambaci sunanta ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kanmu muna aiki ya gani. Sai mun duba batir da caji, mun bi waya tun daga soket har zuwa ɗan akwatin da ke manne da sensar, domin zafin salansa da girgizar hanya sun fi kashe waya fiye da sensa. Sai mun duba ko salansa na fitar da iska a wata gaɓa. Sannan mu zura farin ƙyalle a bakin salansa. In ya fito baƙi ƙirin, to sensar gaskiya ta faɗa, matata ce ta tsage, kuma canza sensa a nan barin jaki ne ana dukan taiki. Daga nan ma tambaya ce ke biyowa: me ya fasa matatar? Nozul ne ke zubar da mai, ko tabo, wato turbo mai tura iska cikin inji, ce ke tura baƙin mai cikin salansa, ko motar ce ke kwana a kunne ba ta tafiya har ta kasa ƙone abin da ta tara? An ƙera injinan nan ne don dizal mai ƙarancin salfa, kashi 15 cikin miliyan a Amurka, kashi 10 a Turai, da baƙin mai mai ƙarancin toka irin CK-4. Toka ba ta ƙonewa, sai dai a sauke matata a wanke. Hatta ruwan AdBlue, wanda ake fesawa cikin salansa don rage gubar hayaƙi, in nozul ɗinsa na ɗiga, yakan daskare ya zama farin gishiri a cikin bututu ya dame lissafin. Duk wannan muna bi kafin mu ce wa mutum ya sayi sabuwa. Shi ya sa wani lokaci mota ke kwana a wurinmu, har a ce muna da nawa.

To, ina aka samu matsala? Wajen mai kawo mana kaya. Ba zan kama sunansa ba, don akwai sauran magana tsakaninmu. Mutum ne da muka yi shekaru muna hulɗa da shi ba tare da ko sau ɗaya mun mayar masa da kwali ba. Da kayan suka yi wuya a kasuwa, muka yi ta jira motocinku na tsaye, sai ya kira ya ce ya samo daga wata hanya. Kwalin daidai, lambar kaya daidai, tambarin daidai, har murfin robar da ke kare bakin sensar yana nan. Sabo turken wawa, muka karɓa. Ku kuma duba: sensar nan da akwatinta a haɗe suke zuwa, an daidaita su tare tun daga masana'anta, ba a buɗewa, ba a raba su. Babu yadda bakanike zai leƙa ciki ya ga ko filatinam ɗin na kirki ne ko hitar za ta jure. Ka ɗaura, ka goge lambar matsala, ka tayar da inji, komai ya nuna lafiya. Sai ta yi zagayen ƙonawa sau da yawa a kan hanya sannan jabu ke nuna halinta. Wasu hitarsu ce ta mutu, wasu kuma suka riƙa ƙarya suna cewa matata ta fashe alhali ƙyallenmu fari tas yake fitowa. Da motar farko ta dawo, kanmu muka zarga. Na sa aka sake bin wayarta gaba ɗaya, har na yi wa yaron da ya ɗaura faɗa a gaban mutane, na ce ko ya yar da ita ƙasa ne ko ya murɗe wayar garin ɗaurewa. Daga baya na ba shi haƙuri. Sai da ta uku ta dawo muka jera kwalayen muka ga duk zubi ɗaya ne.

Mai kayan ya ce shi ma haka aka sayar masa. Wataƙila gaskiya ne. Amma ba shi kuke kira da tsakar dare in fitila ta kama ba, mu kuke kira.

Na kuma ji cewa wasu sun gaji, sun kai motocinsu inda ake fasa matatar a kwashe cikinta, a rufe wa kwamfuta baki. Motarku ce, ba ni da ikon hana ku. Sai dai a matsayina na wanda ya daɗe yana shiga ƙarƙashinta, ina roƙon ku ku dakata. A ƙasashe da yawa laifi ne a doka, garantin inji yana faɗuwa, kuma hayaƙin da za ta riƙa fesawa shi ne wanda hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin abubuwan da ke jawo cutar daji a 2012. Direbanku ne farkon mai shaƙa, sai yaron mota. Kuma duk ranar da aka so mayar da ita yadda take, aikin ya fi na sensa nesa ba kusa ba.

Game da abin da muke yi, muna kan magana da mai kayan, kuma muna duba wasu hanyoyin samun kaya da za mu fi natsuwa da su. Ragowar wancan zubin mun ware shi gefe. Duk wanda aka sa wa sensa a wurinmu cikin wannan lokaci, ya zo da motar ko ya kira ni, za mu zauna mu duba lamarinsa, kuma in Allah ya yarda ba za mu rabu da ɓacin rai ba. Ba na son in yi alkawari a takarda kafin in ga inda maganarmu da mutumin za ta tsaya. Muna dai iya ƙoƙarinmu, Allah ya sani.

Ba zan rufe ba sai na yi godiya. Alhajin da ya fara kawo mana tifa ɗaya tun muna aiki a fili babu ko rumfa, yau motocinsa sun cika layi, kuma da tasa ta dawo bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Ku duba dai." Ranka ya daɗe, kalmar nan ta fi mini zagi nauyi. Hajiyar da ta riƙe motocin maigidanta bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, ba ta sauya gareji ba ko da aka yi ta zuga ta. Dattijon direban tankar da ya san ƙarar injinsa fiye da kwamfutarmu, wanda shi ne ya fara ce mana kayan nan ba su kwanta masa ba, ga shi yanzu ɗansa ne ke kawo mana mota. Da ku muka tashi, da kuɗinku muka sayi kwamfutar binciken nan, yaran da ke cin abinci a garejin nan albarkacinku suke ci.

Waɗanda suka yi shiru kuma, ban yi fushi ba, kuna da hujja. Ina dai so in ji daga bakinku, ko da faɗa ne. Lambata ba ta canza ba, gareji a buɗe yake kamar kullum.

Allah ya tsare hanya, ya kai kowace mota inda za ta lafiya.

Naku,
Shugaban gareji, a madadin dukkan ma'aikata